Wane shafi zan bi in koyi taurari, kuma horoskof ɗin nan fa?

Wani ɗan'uwa ne ya turo min tambaya, yace shi tun yana yaro in an shimfiɗa tabarma a tsakar gida yake son kallon sama, yanzu Allah ya hore masa waya mai kyau, yana son in faɗa masa shafukan intanet da zai riƙa shiga ya koyi taurari da abinda ke sararin samaniya, masu amfani da masu ɗebe kewa, sannan a ƙarshe ya ƙara da cewa shi Scorpio ne kuma kusan kullum sai ya duba horoskof ɗinsa, wai ko akwai shafin da ya fi iya wannan.

Toh ɗan'uwa sannu da ƙoƙari. Ni fiziks nake koyarwa a sakandare, kuma na daɗe ina wannan haukan na fita da daddare kallon sama har maƙwabta sun gaji da tambayata me na yar a can, don haka abinda zan faɗa maka abinda na gwada ne da hannuna. Amma tambayarka biyu ce ka haɗa a kwano ɗaya. Akwai ilimin falaki, wato sanin ina rana da wata da taurari suke, yaya suke tafiya, yaushe za su fito yaushe za su faɗi, akwai kuma duba da taurari, wato cewa matsayinsu ranar da aka haife ka shi ke juya halinka da arzikinka da wacce za ka aura. Malamanmu tun da can sun raba su, na farko suna ce masa ilimin tasyir, na biyu ilimin ta'asir, sun halatta na farko sun yi hani da na biyu. Ni ma'aunin da nake auna kowane shafi da shi guda ɗaya ne, shin abinda ya faɗa min zan iya fita waje in duba in ga ko ƙarya yake? Da wannan ma'aunin za mu tafi.

Fara da Stellarium, in ma shi kaɗai ka riƙe ya ishe ka shekara guda. Wani Bafaranshe Fabien Chéreau ya fara shi a 2001, kyauta ne, akwai na burawza da ake kira Stellarium Web, akwai na waya, akwai na kwamfuta wanda shi ne cikakken, taurari sama da 600,000 ke ciki tun kafin ka ƙara komai. Na kwamfutar yana da ɗan nauyi, ka sauke shi da datar dare sau ɗaya shikenan, daga nan ko babu netwok yana aiki. Abinda yake yi shi ne ka faɗa masa garinku da lokaci ya zana maka saman garin kamar yadda yake a wannan mintin, ka taɓa kowane ɗigo ya baka sunansa da nisansa, kuma kana iya tura agogo gaba ko baya, ka ga saman daren da aka haife ka ko na shekara ɗari masu zuwa.

Abu na farko da nake sa ɗalibaina su nema shi ne Zara, wadda muke cewa matar wata, mai hasken nan da ke fitowa yamma bayan magariba. In ka taɓa ta za ka ga an rubuta Venus, wato ba tauraruwa ba ce irin sauran, duniya ce kamar tamu mai zagaya rana, hasken rana take maido mana. Sai ka tura kwanan wata gaba da wasu watanni ka ga ta ɓace daga yamma ta koma gabas kafin asuba, kaga Gamzaki kenan, ashe Zara da Gamzaki abu ɗaya ne ya canza wajen zama. Ranar da na nuna wa wani dattijo wannan a laftof sai da ya sa na maimaita masa sau uku. Daga nan ka nemi Kaza da 'ya'yanta, Turawa na ce mata Pleiades, Larabawa Surayya, ido na ganin shida ko bakwai amma sun fi dubu, kuma hasken da kake gani ya baro su sama da shekara 400 da suka wuce.

A na kwamfutar akwai wajen da za ka canza al'adar da aka zana taurarin da ita, ka cire ta Girkawa ka sa ta Larabawa mai manzilolin wata 28. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don lissafin da tsofaffin manoma da malaman zaure ke yi na taurarin shekara, su Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kowace kwana 13, daga nan ya fito, 28 sau 13 ya baka 364, a ƙara wa guda ɗaya kwana ɗaya shekara ta cika. Da yawa sun haddace sunayen amma ba su taɓa ganin taurarin da ido ba, toh ga su nan za ka iya nuna su da yatsa. Kuma za ka lura sunayen da Turawa ke kiran manyan taurari da yawa Larabci ne aka lanƙwasa, Aldebaran shi ne Dabaran ɗinmu, haka Altair da Rigel da Deneb da Vega.

Wani abin da mutanenmu ba su sani ba, mu fa wajen zamanmu ya yi kyau. Kano tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka tauraron arewa muna ganinsa ƙasa ƙasa digiri 12 daga doron ƙasa, a lokaci guda kuma muna ganin taurarin kudu irin su Suhail da kuma huɗun nan da ake kira Southern Cross waɗanda mutumin Landan ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Kusan duka saman muna samu a shekara.

Ƙaramar matsala da na waya, in kamfas ɗin wayarka ya rikice zai nuna maka gabas a kudu, sai ka juya wayar a iska kamar kana rubuta lamba 8 ya dawo hayyacinsa. Kuma ka kunna jan haske na dare da ke ciki, don ido na buƙatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin hasken sikirin na daƙiƙa biyu ya rusa maka duka.

Na biyu Heavens-Above. Shafin ba shi da kyan gani ko kaɗan, kamar an bar shi tun zamanin kafe, amma aikinsa ba wasa. Shi ke faɗa maka yaushe tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, za ta wuce ta saman garinku. Tana can sama kamar kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin kamar minti 90, wato sau 16 a rana, kuma tun Nuwamban 2000 ba a taɓa barinta babu mutane a ciki ba. Ana ganinta da ido zalla jim kaɗan bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da mu muke duhu ita kuma rana na haska ta, haske ne fari mai tafiya a natse, baya ƙyaftawa kamar na jirgi, ba ƙara, minti uku zuwa shida ta ƙetare. Ka tabbatar ka sa garinku tukuna, in ba haka ba shafin zai ɗauka kana digiri 0 da 0, wato tsakiyar teku kudu da Ghana, ni da kaina na taɓa tara yara a fili muka yi ta jira babu komai saboda wannan sakarcin. Amma da na gyara muka sake fita, na ce musu ƙarfe kaza da minti kaza za ta ɓullo daga can, ta ɓace a can, aiko ko minti ɗaya ba ta ƙara ba, ihun da yaran nan suka yi sai da mai gadi ya taso. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ma na da manhajar Spot the Station mai turo maka sanarwa in ka fi son mai sauƙi. In kuma ka taɓa ganin fitilu a jere kamar carbi suna tafiya a sama mutane na ta salati, tauraron ɗan adam ne na Starlink da aka harba kwanan nan basu gama rarrabuwa ba, Heavens-Above na nuna lokacinsu su ma.

Na uku timeanddate, 'yan Norway ne ke da shi, baya cin data. Fitowar rana, faɗuwarta, kwanan wata, husufi, duka garin da ka sa. Anan ne maganar ganin wata ke shigowa, wadda duk shekara sai an yi ta cacar baki a kai. Wata na cika zagayensa cikin kwana 29 da awa 12 da minti 44 a matsakaici, shi yasa wata yake yin 29 ko 30, shi yasa kuma shekararmu ta hijira take kwana 354 tana gaza ta Turawa da kamar kwana 11. Lokacin da wata ya daidaita da rana, abinda ake kira haihuwar wata, ana lissafa shi har minti, amma haihuwa daban ganuwa daban. In tazararsa da rana bata kai kamar digiri 7 ba babu jinjirin da ido zai kama, kuma mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido zalla yana da kusan awa 15 da rabi da haihuwa. Shafin moonsighting da na ICOP, ƙungiyar duban wata da Mohammad Odeh ya kafa a 1998, suna sa taswirar duniya mai launi launi duk wata, nan za a gani da sauƙi, nan sai da madubin hangen nesa, nan ba zai yiwu ba sam saboda watan ya riga rana faɗuwa. Kar ka ɗauki taswirar ka je kana musu da mutane a masallaci, sanarwa a Najeriya ta Sarkin Musulmi ce da kwamitinsa, Nijar ma da nasu hukumar. Amfaninta gare ka shi ne ka san ta wane gefen rana za ka duba, tsayin nawa, minti nawa gare ka kafin ya faɗi, ka zama cikin masu fita duba da sani ba masu ganin Zara ko hayaƙin jirgi su ce wata ne ba.

Ga wani gwajin da za ka yi da sanda kawai. Sau biyu a shekara rana na tsayawa daidai saman Ka'aba, 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokacin duk inda ka fuskanci rana ka fuskanci alƙibla, ka kafa sanda a miƙe ka ja layi a inuwarta. Masallatai da yawa an gano karkacewarsu ta wannan hanyar.

Husufi kuwa, waɗanda suka yi wayo za su tuna Laraba 29 ga Maris 2006 da hantsi, da rana ta rufe ruf a Gusau da Katsina da Maraɗi, gari ya yi duhu kaji suka nufi akurki. An san ranar da lokacin shekaru da yawa kafin ta zo. In ka shiga sashen husufi na timeanddate za ka ga na 2 ga Agusta 2027 wanda zai bi ta Maroko, Libiya, Masar, har Jidda da Makka, a Luxor duhun zai wuce minti 6, mu nan wani ɓangare kawai za mu samu. Sai na 20 ga Maris 2034 wanda zai shigo ta Legas da birnin Benin ya wuce Kamaru da Chadi. Allah ya nuna mana. Kuma don Allah kar ka kalli rana da baƙin gilas na gayu ko fim ɗin hoton asibiti ko ruwa a kwano, ido na ƙonewa ba tare da ka ji zafi ba, ka huda ƙaramin rami a kwali ka bar hasken ya faɗa kan farar takarda ka kalli takardar. Na wata kam kalle shi yadda kake so.

Toh yanzu mu zo kan Scorpio ɗinka. Shafukan suna nan, ba zan ɓoye maka ba, wanda masu harkar suka fi girmamawa shi ne astro.com na wani kamfani a Switzerland, akwai Cafe Astrology, akwai manhajar Co-Star da ta fito a 2017 matasa suka yi ta yayi. Kuma in za a yi adalci lissafin matsayin duniyoyi da astro.com ke yi daidai ne, don daga bayanan NASA suka gina shi. Inda gizo ke saƙar shi ne fassarar. Ga aikin gida, buɗe Stellarium ka sa ranar haihuwarka da tsakar rana, ka kashe hasken sama ka kunna zanen buruji, ka ga a wane buruji rana take. Horoskof na cewa Scorpio daga 23 ga Oktoba zuwa 21 ga Nuwamba ne, amma a saman gaske rana bata shiga burujin Aƙrab, wato Scorpio ɗin, sai wajen 23 ga Nuwamba, kuma sati ɗaya kacal take yi a ciki, don haka kusan duk mai cewa shi Scorpio ne ranar da aka haife shi rana na cikin Mizan (Libra) ne ko Sumbula (Virgo). Dalili shi ne duniya na yin layi a hankali kamar katantanwar da yara ke murzawa, zagaye ɗaya kusan shekara 26,000, an tsara kwanakin nan sama da shekara 2,000 da suka wuce, daga lokacin zuwa yau sama ta goce da kusan wata guda. Akwai ma buruji na 13, Ophiuchus, da rana ke bi ta cikinsa daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen 17 ga Disamba, babu shi a lissafinsu. Masu horoskof na Turai za su ce maka su da yanayin shekara suke aiki ba da taurarin ba, na Indiya kuma su ce a'a da taurarin ne, sai mutum ɗaya ya fito da buruji biyu, kowa na rantsuwa nasa ne ke aiki.

Na san abinda za ka ce, ai abinda suke rubutawa yana dacewa da kai. A 1948 wani malamin halayyar ɗan adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takarda yace bayanin halin kowa ne shi kaɗai, yace su ba shi maki daga 0 zuwa 5, matsakaicin makin ya kai 4.3, alhali takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga littafin horoskof na bakin titi ya tsinto jimlolin. Magana ce irin kana son mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar shawarar da ka yanke, kana da baiwar da baka gama amfani da ita ba, wa za a faɗa wa wannan yace ba shi ba ne? A 1985 kuma Shawn Carlson ya wallafa gwaji a mujallar Nature, aka ba masu duba taswirar haihuwar mutum da bayanin hali guda uku su zaɓi nasa, abinda suka ci bai wuce na mai canki-canka ba. Kaga bambancin da Heavens-Above kenan, shi in yace 7:42 tashar bata zo ba ka kama shi dumu dumu, horoskof kuwa an rubuta shi yadda ba ranar da za ka kama shi. Mercury retrograde ɗin, wato lokacin da ake ganin kamar duniyar Mercury na tafiya da baya a sama, da suke ɗora wa laifin lalacewar waya da faɗan masoya, sau uku ko huɗu yake faruwa a shekara, kuma duniyar bata juya baya ba, gani ne kawai daga inda muke, kamar yadda in mota biyu na tafiya ɗaya ta wuce ɗaya sai ka ga kamar ɗayar na komawa baya.

Bar ma wannan, mu nawa ne muka san awar da aka haife mu? Rabin ajinmu a takarda 1 ga Janairu aka haife su, kenan duk Capricorn ne, hali ɗaya arziki ɗaya. Ta fuskar addini ba fannina bane, ka tambayi malaminka, amma kowa ya san ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu an yi husufin rana mutane suka ce saboda rasuwar ne, ya gyara musu cewa rana da wata basa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Sannan ka lura manhajojin nan suna karɓar cikakken sunanka da ranar haihuwa da garin haihuwa, irin tambayoyin da banki ke tantance ka da su, wasu kuma bayan kwana uku na kyauta su fara zarar kuɗi duk wata.

Na nishaɗi kuwa suna da yawa. Astronomy Picture of the Day, hoto ɗaya kullum da ɗan bayani daga masani, Robert Nemiroff da Jerry Bonnell suka fara shi 16 ga Yuni 1995 kuma duk na baya suna nan a ajiye, shi nake fara buɗewa da safe kafin labarai su ɓata min rai. NASA Eyes zai baka duniyoyin rana ka juya su da yatsa ka bi kumbo a inda yake yanzu, nemi Voyager 1 da aka harba 1977, ya wuce kilomita biliyan 24, saƙonsa na ɗaukar sama da awa 22 kafin ya iso, alhali hasken rana daga kilomita miliyan 150 minti 8 da daƙiƙa 20 yake yi. Wannan kam yana shan data da caji, sai inda akwai wayfay. Wanda na fi so in nuna wa yara shi ne If the Moon Were Only 1 Pixel na Josh Worth, an mayar da wata ɗigo ɗaya a sikirin sai ka yi ta ja gefe kana neman duniyoyin, kafin ka kai Jupiter yatsanka ya gaji, duk baƙi ne fayau, babu littafin da ya taɓa fahimtar da ni girman wofin da ke sama kamar wannan. Hotunan madubin hangen nesa na Hubble da na James Webb da aka harba 25 ga Disamba 2021 suna shafin NASA da na takwararta ta Turai ESA kyauta, sai dai ka sani launukan Webb fassara ce, yana gani ne da hasken da idonmu baya gani.

In kana da aboki mai cewa ƙarya ne ba a je wata ba, kuma na san kana da shi, ku buɗe LROC QuickMap tare, taswirar wata ce daga kumbon da ke zagaya shi tun 2009, a wuraren da 'yan sama jannatin Apollo suka sauka ana ganin ƙasan kumbon da suka bari da layin sawun da suka taka. Ka ƙara masa da cewa farkon shekarun 1960 NASA na da tashar bibiyar kumbo a Kano, lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya zagaya duniya a Fabrairun 1962 tana cikin tashoshin da suka bi shi, kuma a Agustan 1963 shugaban Amurka Kennedy da Tafawa Ɓalewa sun yi magana ta tauraron Syncom 2. Ba baƙin harkar bane mu.

Akwai kuma inda za ka sa hannu a aikin da kanka. Zooniverse na ba mutanen gari hotunan gaske su taya masana tantancewa, a 2007 a shafin Galaxy Zoo da ya zama tushensa wata malamar makaranta 'yar Holan, Hanny van Arkel, ta ga wani baƙon abu a hoto ta tambaya menene, yau sunanta yake ɗauke da shi. MicroObservatory na Harvard kuma zai baka ka zaɓi abinda kake so, madubinsu ya ɗauko hoton da daddare a turo maka ta imel, kyauta.

Wanda zai baka mamaki shi ne Meteoritical Bulletin, rajistar duwatsun da suka faɗo daga sama. Rubuta Zagami. Ranar 3 ga Oktoba 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami ta ƙasar Katsina, dab da wani manomi da ke korar tsuntsaye, daga baya aka gano daga duniyar Mars ya zo, saboda iskar da ta maƙale a cikinsa ta dace da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976. Akwai na Mayo Belwa 1974 da na Gujba 1984. Na Agadez kuma da aka tsinta a Nuwamban 2023, kusan kilo 25, shi ne mafi girman dutsen Mars da aka samu, aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan sama da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.

Saƙonnin WhatsApp na cewa yau da daddare ka kashe waya wani haske mai cutarwa zai wuce, ko NASA tace za a yi kwana uku ana duhu, ko Mars zai yi girman wata, wannan na ƙarshen tun 2003 yake yawo duk Agusta, ka duba timeanddate ko shafin NASA ɗin kansa, in babu to babu.

Matsalar da ba zan ɓoye ba, kusan duka da Turanci suke, wasu da Faransanci da Larabci, fassarar burawza zuwa Hausa tana taimakawa amma tana kwaɓa sunayen taurari, gara ka bar sunayen yadda suke. Sai yanayi, damina gajimare, tsakiyar hunturu ƙura, ni na fi samun sama mai kyau daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, da kuma daren da aka yi ruwa aka ɗauke. Shi yasa ruwan taurarin Agusta da Turawa ke zuzutawa mu bamu cika morarsa ba, namu shi ne Geminids daren 13 zuwa 14 ga Disamba in ƙura ta yi sauƙi. Shafin lightpollutionmap zai nuna maka inda hasken gari bai kai ba, amma ka sa lura da tsaro, kar ka fita daji da daddare saboda tauraro, ƙauyenku ko rufin gida ranar da aka ɗauke wuta ya wadatar.

Kar ka yi saurin sayen teleskof, masu arhar nan na kasuwa ƙafarsu rawa take, kana numfashi abin ya gudu. Nemi madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa, ko na gwanjo ne, ka jingina gwiwar hannu a katanga. Da shi za ka ga ramukan wata, musamman kwana 7 ko 8 ga wata lokacin da inuwa ke fito da su, daren sha huɗu haske ya yi yawa komai ya baje. Ka duba Stellarium ka ga ko Jupiter, wanda malamai ke kira Mushtari, yana sama a watan nan, in yana nan ka saita shi, za ka ga 'yan ɗigo har huɗu a jere a gefensa, watanninsa ne da Galileo ya gani a 1610. Ka zana yadda suke a takarda, gobe war haka ka sake zanawa, ka turo min hoton takardun biyu.